Tambarin da Aka Bari a Garun Tsauni

A zamanin Sarki Nomau, lokacin da Birnin Kafarda ke karɓar gaisuwa daga garuruwan gabas da Gulbin Dorina da na yamma da shi, akwai wata al'ada da Kafardawa ke taƙama da ita fiye da yadda suke taƙama da ganuwarsu. Suna da tambarin yaƙi guda ɗaya, wanda suke kira Rugugi. Ba a fita yaƙi sai da shi a kan raƙumi, ba a kuma dawowa sai da shi. In ya dawo, da an ji muryarsa akan buɗe ƙofa, Sarki da hakimansa kuma kan fito da ƙafa, ba takobi ba mashi, su tarye shi kamar yadda ake taryen uba. In kuwa runduna ta dawo ba shi, to ƙofofin birni a rufe suke gare ta, ita da duk wanda ya biyo bayanta, har sai an sare kan wanda ya ja ta. Kakanni ne suka kafa wannan doka don kada wani ya yi sha'awar gudu, kuma tun da aka kafa ta ba a taɓa waiwayarta ba sai a daminar da muke magana.

Wanda ta faɗa wa kuwa shi ne Kaura Ranau, sarkin yaƙin Kafarda, wani dogon mutum mai sanƙo da tabon kibiya a muƙamuƙi, wanda bai iya lallashi ba ko a gidan mutuwa. Shi Sarki ya tura Garun Tsauni, garin iyaka da ke ƙetaren gulbi, sa'ad da Gurzawa suka taso daga yamma da runduna kamar fara. Sai ga shi ya dawo Ƙofar Kuka da ragowar dakarunsa, mutanen Garun Tsauni kaf na biye da shi, tsofaffi da majinyata, mata da goyo, maƙera ɗauke da uwar maƙera a ka. Raƙumin tambari ne kawai babu. Masu gadi suka leƙo, suka ƙirga da ido, suka ja ƙyaure suka danna sakata. Jama'a suka zube a gindin ganuwa, ruwan sama na dukansu, suna jiran a yanke hukunci.

Da yake doka ta hana Kaura shiga, sai fada ta fito masa. Aka shimfiɗa wa Sarki darduma a gindin kukar da ke bakin ƙofa, hakimai suka zauna kowa a muƙaminsa, aka kawo Kaura ba rawani ba takalmi. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ɗebi ƙasa ya zuba a ka kamar yadda ake yi, sa'an nan ya miƙe wuya ya zauna, ba irin zaman masu laifi ba. Tun da hantsi fadawa ke satar kallon kukar, domin shamuwoyin da ke sheƙa a kanta kowace damina sun tashi da asuba gaba ɗaya sun bar ƙwayayensu. Aka tambayi Liman, ya ce alama ce ta cewa jinin wani babba zai taɓa wannan ƙofa kafin rana ta faɗi. Kowa ya dubi wuyan Kaura, Kaura kuwa ya dubi Galadima.

Galadima Dambo baffan Sarki ne, shi ne kuma wanda aka aika da umarnin janyewa, tare da jiragen fito na gidansa don a kwashe jama'a. Ya rigayi kowa dawowa, ya shiga birni a matsayin manzo, ya yi wanka ya sha turare. Mutum ne mai zaƙin baki, irin wanda in ya cinye maka akuya ya zauna yi maka bayani, kai za ka ƙare da ba shi haƙuri. Shi Sarki ya fara ba dama.

Ya gyara hannun riga ya ce, "Zaki, Allah ya ja zamaninka. Ba don ƙiyayya nake magana ba, Kaura ɗana ne. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. An ce masa ya janye da runduna da tambari, ya janye da runduna ya bar tambari. Rugugi, wanda kakanka ya mutu a gindinsa bai bari an taɓa shi ba, yau yana hannun masu cin naman jaki. Ya bar gari mai ganuwa bai harba ko kibiya ɗaya ba. Ya tura talakawanka cikin gulbi a kan goruna kamar 'ya'yan kwaɗi, ruwa ya ci wanda ya ci. Dawakin da aka ba shi, rabinsu sun tafi. Abin da ya fi duka ciwo, ya bar Sarkin Tambura Cindo, tsoho, shi kaɗai a kan ganuwa, ya juya masa baya. Doka ta san abin da ake yi wa irin wannan. Ga bayin Allah nan suna jiƙewa saboda shi. A sare kai ɗaya, a buɗe wa dubu ƙofa."

Fadawa suka yi ta "Gaskiya, Galadima, hattara dai!" Ai kuwa da ma bafada ba ya rasa gaskiyar da zai gani a bakin mai riga babba.

Sarki ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya ce, "Kaura, ka ji. Kana da magana?"

Kaura ya ce, "Ina da ita, Zaki, kuma ba ta roƙo ba ce. Kaina naka ne tun ranar da ka naɗa masa rawani, ka karɓe shi duk sa'ad da ka ga dama. Amma ba zan mutu in bar ƙarya zaune a kan darduma ba, domin kuskuren da aka binne da mai gaskiya gobe sai ya tsiro. A ba ni izini in tambayi Galadima."

Sarki ya ce, "Tambaye shi."

Kaura ya juya. "Ranka ya daɗe, da ka iso Garun Tsauni da jirage, Gurzawa sun iso?"

"Ba su iso ba. Ƙurarsu kawai ake hangowa."

"Na ce maka a fara da mata da majinyata tun da sauran sarari, mu masu makami mu tsaya a ganuwa. Me ka ce mini?"

Galadima ya ce, "Abin da kowane Bakafarde zai ce. Babba ke fara ƙetare ruwa, sa'an nan tambari, sa'an nan dakaru, sa'an nan talakawa. Ni na kafa al'adar? Haka muka tarar."

"Haka muka tarar a fitar farauta da rakiyar amarya," in ji Kaura. "To, babba ya ƙetare. Sai jirage suka dawo, na ce madalla. Ashe babba bai gama ƙetarewa ba. Sirdunan babba suka shiga, tukwanen babba suka shiga, bayin babba suka shiga. Rana ta take tsaka ana ƙetarar da babba. Da aka gama wannan, sai aka karkata jiragen gaba ɗaya zuwa gangare, gindin rumbunanka na bakin gulbi, a ɗebo geronka. Nan masu fito suka hangi dawakin Gurzawa na farko, suka faɗa ruwa suka tsere da iyo. Tun daga nan ban sake ganin jirgi ba. Ƙarya nake?"

Galadima ya ce, "Geron nan abincin birni ne in an yi mana ƙawanya. Mai hangen nesa ba ya barin hatsi ga abokin gaba."

"To ai ka bar masa, har da abin ɗauka."

Wani daga bayan taro ya yi dariya, ya yi maza ya mai da ita tari. Galadima ya murtuke. Laifi tudu ne, an ce, mutum kan taka nasa ya hango na wani, shi kuwa Galadima nasa tudun ya isa a hango Gurza daga kansa.

Kaura ya mai da fuska ga Sarki. "Zaki, ga abin da ya rage mini da rana ta karkata. Gabana runduna wadda ko mun tara Kafarda duka sai mun yi da gaske. Bayana gulbi yana cikowa. A hannuna gari guda na mutane, ba jirgi ko ɗaya. In na tsaya na yi yaƙi a ganuwa, za a yi mini kirari, a kuma yanka kowa. In na ɗauki tambari na yi gaba da dakaru yadda aka umarta, da zarar Gurzawa sun ji ganuwa ta yi shiru za su auko, su tarar da mata a bakin ruwa. Ina tsaye ina wannan lissafi sai Cindo ya zo ya same ni."

Nan muryarsa ta ɗan canza. Cindo sa'ansa ne. Tare aka yi musu kaciya, tare suka tsufa a bayan sarakuna, kuma a duk Kafarda Cindo kaɗai ke iya zolayarsa ya kwana lafiya.

"Ya ce mini, 'Ranau, Gurzawa sun san mu kamar yadda muka san kanmu. Sun san Bakafarde ba ya barin Rugugi. Muddin suna jin sa a kan ganuwa, za su rantse runduna na ciki, ba za su matso ba sai sun gama shiri. Ka hau da ni sama ka bar ni.' Na ce ba zan yi ba. Ya ce, 'Kai dai tun muna yara ba ka iya rawa ba, yau sai ka koyi gudu.' Na hau da shi da hannuna, Zaki. Na kafa masu da kwalkwali da lifidi a kan ganuwa kamar mutane. Ya ɗauki gula ya fara. Muka ɗaure igiya daga gaɓa zuwa gaɓa, muka tara gorunan gari duka, wanda bai sami gora ba ya kama wutsiyar doki. Muna ƙetarewa muna jin sa, muka hau tudu muna jin sa, har kashegari da hantsi iska na kawo mana shi. Ban bar Rugugi don tsoro ba. Na sa shi ya yi yaƙin da runduna ba za ta iya ba, ya kuma yi shi. Da za a mai da ni bakin gulbin nan yau, abin da na yi shi zan sake yi."

Galadima ya daka tsawa, "Kun ji! Ko nadama babu!"

"Babu," in ji Kaura.

Sai aka ji hayaniya a wajen da dogarai suka tokare jama'a. Wata tsohuwa ce ta ture sandar dogari ta shigo, zanenta duk laka. Magajiya Delu ke nan, shugabar matan Garun Tsauni, wadda sarauta ta ba ta ikon magana a gaban Sarki. Ta durƙusa da ƙyar.

Ta ce, "Zaki, Allah ya ƙara maka imani. Galadima ya ƙirga mana matattunmu, mun gode masa, ashe ya san da mu. A cikin waɗanda ruwa ya ci akwai 'yata ta fari da abin da ke cikinta, saboda haka ni ke da bakin magana, ba shi ba. Da idona na ga taikin gero zaune a jirgi kamar amarya, 'yata na tsaye a gaɓa tana kallo. Da idona kuma na ga wannan mai sanƙon tsaye cikin ruwa iya ƙirji tun la'asar, yana miƙa yara daga hannu zuwa hannu. In kansa ne kuɗin buɗe mana ƙofa, to matan Garun Tsauni sun ce in gaya maka a bar ta a rufe. Mun saba da ruwa yanzu."

Sarki ba azzalumi ba ne, kuma yana ƙaunar Kaura, amma sarauta a kan doka take zaune, kuma ya san in ya karya wannan yau, gobe duk wanda ya ga wuya zai yar da tambari ya ce dabara ya yi.

Ya ce, "Na ji ku duka. Galadima, akwai magana tsakanina da kai, ba yau ba. Kaura, na yarda ka yi abin da ka ga shi ne daidai, na kuma yarda ka ceci jama'ata. Amma dokar ba ta tambayi dalili ba. Ta ce wanda ya dawo ba Rugugi. Ba ni na kafa ta ba, ban kuwa isa in kwance ta ba. Ba zan bar mutanen nan su mutu a gindin ganuwata ba, Magajiya, ko kun yarda ko ba ku yarda ba."

Kaura ya ce, "Na karɓa, Zaki, ba ka zalunce ni ba. Abu ɗaya zan bar maka wasiyya. Jiragen nan suna can ɗaure a ƙetaren, gefen Gurzawa. Da ina da hanya da na ƙone su. Ka tura mahaya bakin gulbi yau, kada ka kai gobe."

Galadima ya yi murmushi. "Gurzawa mutanen tudu ne, ko kududdufi tsoro suke. Gulbi ya cika, ba mai ƙetare shi sai kaka. Mai shirin mutuwa ne ke neman abin jan lokaci."

Aka kira hauni, mai sare kawuna, ya fito da takobinsa yana ɗari-ɗari, domin shi ma ya taɓa cin ganima a bayan Kaura. Ya kawo ƙyalle zai rufe masa ido, Kaura ya ture hannunsa. Ya ce a juya shi ya fuskanci yamma, wajen da ya bar abokinsa. Mata suka sa kuka a gindin ganuwa, dakarunsa suka sunkuyar da kai. Hauni ya gyara tsayuwa.

Sai aka ji shi. Da farko kamar cida ce daga nesa, har wasu suka ɗaga kai suna duban hadari. Sai ya sake, mai nauyi, irin wanda ake ji a ƙirji kafin a ji a kunne. Babu ɗan Kafarda da zai ɓata wannan murya. Rugugi ne, daga hanyar yamma, bayan tudun ƙirya.

Taro ya ruɗe. Galadima ya rigayi kowa miƙewa, domin tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Ya shiga ɗaga murya, "Allah ya yi! Tsoho ya kuɓuto da shi! A wangale ƙofa! Zaki, a fita tarya. Kowa ya ajiye makaminsa kamar yadda aka saba!" Hakimai suka fara kwance takubba suna tulawa a gindin kuka. Can a kan tudu aka hango raƙumi, kewaye da mahaya sanye da lifidi irin na Kafarda.

Kaura yana durƙushe bai motsa ba. Ya karkata kunne, fuskarsa ta sauya. Sai ya yi ruri da muryar da yake tsai da runduna, "Ku yi shiru! Zaki, don girman Allah kada ka ɗaga ƙafa. Saurara. Wannan kiɗan dawowa ne?"

Sarki ya tsaya. Kiɗan dawowa mai sauri ne, mai sa doki rawa. Wannan kuwa a hankali yake tafiya, bugu mai nauyi, sai tsayawa, sai bugu, kamar mai tafiya da makara. Yawancin waɗanda ke wurin ba su taɓa jin sa ba, domin ba a yin sa sai ranar da Sarkin Tambura ya mutu, magajinsa ya kaɗa masa na sallama. Sarki ya taɓa jin sa sau ɗaya yana yaro, ranar da aka binne uban Cindo, kuma Cindo ne ya kaɗa.

Sarki ya ce a hankali, "Sallama ce."

"Mutum ba ya kaɗa wa kansa sallama yana dawowa gida lafiya," in ji Kaura. "A ɗaure yake. Sun kama shi da rai, sun sa lifidin da muka bari, sun ƙetare da jiragen Galadima. Sun san al'adarmu, sun san za ka fito da ƙafa ba makami. Sun ce ya kaɗa a buɗe musu, su kuwa ba su san bambancin wannan da wancan ba. Yana gaya maka ne, Zaki, da bakin da ya rage masa."

Galadima ya buɗe baki, Sarki ya dube shi kallo ɗaya, ya rufe. Sarki ya miƙe tsaye ya ce, "Doka ta ce in Rugugi ya yi magana a buɗe ƙofa. Ya yi magana. A buɗe! Magajiya, shigar da mutanenki, marasa ƙarfi a gaba. Ubandawaki, ka ɗebi dawakin birni ka fita ta Ƙofar Arewa ka zagaya bayan tudu. Kowa ya ɗauki takobinsa inda ya ajiye." Sa'an nan ya juya ga Kaura. "Kai kuwa har yanzu ƙofar nan ta haramta gare ka."

Kaura ya tashi, ya karkaɗe gwiwa. "Na sani, Zaki. Doka ta ce kada in shiga sai da tambari. Ga shi Allah ya kawo mini shi har gida. A ba ni doki."

Sarki ya karɓi mashinsa na hannu daga wurin zagi ya miƙa masa. Hauni kuwa, da bai san inda zai kai takobinsa ba, sai ya ɗora shi a hannun Kaura ta wajen ƙota. Dakarun da suka dawo tare da shi suka haye ramammun dawakinsu ba wanda ya umarce su. Kaura ya hau ba rawani ba takalmi, sanƙonsa na ƙyalli, ya ce, "Mun koyi gudu baya, yanzu a gwada na gaba. Raƙumin nake so, kada wanda ya tsaya ganima!"

Gurzawa sun sauko tudu a natse, takubba a kube ƙarƙashin riga, suna jiran su ga tsofaffi da ƙafa. Abin da suka gani shi ne mutanen da aka rufe wa ƙofar garinsu da safe, ba su da sauran abin da za su yi asara. Kafin su zare, Kaura ya riga ya tsaga su. Mashin Sarki ya karye a ƙirjin na farko, takobin hauni ya yi aikin da aka wasa shi dominsa, a wuyan da ba a yi niyya ba. Babbar rundunarsu da ke laɓe bayan tudu ta taso, sai Ubandawaki ya faɗo mata ta haƙarƙari. Da ma ba duka suka ƙetare ba, jiragen ba su da yawa, mafi yawansu na can gaɓar yamma suna jiran layi. Waɗanda suka ƙetaro suka ga ba gaba ba baya, suka watse suka nufi gulbi. Kaura ya bi Ubandawaki da ihu, "Jiragen! Ka ƙone jiragen!" Shi kuwa bai bi kowa ba, ya kama akalar raƙumi.

Tun ana tsakiyar karo kiɗan ya tsaya. Madugun Gurzawa ya gane an yi masa wayo, ya soki tsohon da mashi a ciki kafin ya gudu. Kaura ya gurfanar da raƙumin, ya yanke igiyoyin da aka ɗaure Cindo da su a jikin tambari. Gular na nan a hannunsa mai yatsa shida, ya ƙanƙame ta. Tsohon ya buɗe ido da ƙyar, ya dubi sanƙon Kaura, har ya so ya yi dariya.

Ya ce, "Ina rawaninka, Ranau?"

"Sun karɓe."

"Mutanen fa?"

"Sun shiga. Duka sun shiga, Cindo."

"To, ka ga amfanin gudu." Sa'an nan ya ce, "Ba ni da magajin da ya iya sallama, shi ya sa na yi abata da kaina. Ta fita daidai?"

Kaura ya ce, "Sarki da kansa ya gane ta." Bai tabbata ko tsohon ya ji ba. Ya daɗe riƙe da shi, wannan mutum da ba a taɓa ganin hawayensa ba ya yi kuka a gaban dakarunsa, bai kuwa ɓoye ba.

Rana ta yi ja sa'ad da suka iso Ƙofar Kuka, hayaƙin jirage na tashi can yamma. Kaura na tafe da ƙafa yana jan raƙumi, Rugugi a kai, gawar Cindo kwance a jikinsa an lulluɓe ta da rigar Kaura, jini na ɗiga a hanya. Sarki da hakimai suka fito tarya ba makami, a wannan karon da gaske. Mutanen Garun Tsauni suka cika kan ganuwa, ba guɗa ba kirari. Sarkin Fada ya fara jera mutane yadda aka saba shiga, Sarki a gaba, Galadima na biye, sa'an nan tambari. Galadima ya gyara riga ya tako ya tsaya a gurbinsa, sai ka ce ba abin da ya faru.

Kaura bai tsai da raƙumi ba. Ya zo daidai Galadima ya ce, "Matsa, ranka ya daɗe. Kai ka koya mini a bakin gulbi cewa babba ke fara wucewa. Ga babba nan."

Galadima ya dubi Sarki yana neman agaji. Sarki bai dube shi ba. Ya tuɓe takalmansa, ya ja da baya daga bakin ƙofa, ya ba da hanya. Da hakimai suka ga haka suka dare biyu, Galadima ya ja baya har ya taka laka. Raƙumi ya sunkuyar da kai ya shiga, jinin Cindo ya ɗiga a kan dokin ƙofa, Liman ya gani ya yi salati. Kaura ya bi bayan abokinsa, Sarki ya bi bayan Kaura.